Lambun Inna a Saman Bene

A shekarar da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye, na je Zungur na ɗauko ta, na dawo da ita wurina a Yelwa, cikin garin Bauchi. Ba da son ranta ta taho ba. Sai da ƙanenta, Kawu, ya sa baki, ya ce asibiti yana cikin gari, kuma ni kaɗai gare ta, in ba ta zauna wurina ba wurin wa za ta zauna. Sannan ta haƙura. Aka ɗora ta a mota da ƙullin kayanta da wata tsohuwar jaka cike da iri, alayyahu da yakuwa da lalo, kowanne a ƙulle cikin ɗan tsumma.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana biyu suna karatu a wasu garuruwa. Gidan da nake haya a saman bene yake, ɗaki biyu da falo. Babu tsakar gida. Ƙasan benen shaguna ne, gabansu siminti, bayansu siminti.

Inna kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ganinta ba shuka ba. A bayan ɗakinta take yi, rani da damina, da buta take ban ruwa, tushe bayan tushe. Mahaifina yana da lambu a fadama, bakin rafi, amma ban taɓa ganin ta taka shi ba, ni ma ba ta bari in je. Na ɗauka halin iyaye ne kawai.

Da ta zo Yelwa sai ta zama mutuniyar taga. In na ɗora ta a kujerar guragu da safe, can zan dawo in same ta, tana kallon kan rufin mutane. Wani lokaci ta kwance ƙullin iri da hannun dama da haƙori, ta shinshina, ta mayar. Abinci ya rage shiga. Alayyahun da nake sayowa ta ce warin leda yake. Na gwada hawo da ƙasa a tsofaffin robobi na jera a baranda, amma ƙasar ta daskare kamar tubali, ruwa ya riƙa bin bango yana ɗiga gaban shagon mai gida, ya aiko a ce in sauke. Ko da bai aiko ba, Inna ba ta iya sunkuyawa ta kai gare su.

Ƙofata tana kallon ƙofar wata maƙwabciya, Kirista ce daga kudancin jihar, tana koyar da aikin gona a jami'a. Dakta muke ce mata. Ita ta gan ni ina saukar da robobin, ta tsaya a matakala ta ce, “Malama, me ya sa kina wahalar da kanki? Ganye ba dole sai da ƙasa ba. Ruwa da taki ya isa.”

Na ɗauka wasa take. Da la'asar ta shigo da takarda da biro, ta gaida Inna har ƙasa, ta zauna ta zana mini. Ta ce akwai akwatin da ake kawowa daga waje, da fitilarsa da komai, amma in wani abu ya lalace a ciki ba mai gyara shi a Bauchi. Akwai na bututu, a huda shi a jera shuka a ramukan, ɗan inji yana turo ruwa daga roba ya bi ƙarƙashin saiwoyi ya koma. Akwai kuma na bokiti, a zuba ruwa da taki, a rufe da murfi mai huda, a sa shuka, shi ke nan. Ba inji, ba wuta.

“Ni dai bokiti zan ce ki yi,” in ji ta. “In an ɗauke wuta ba ruwanki.”

Mako uku na yi ina juya maganar. Na kalli hotuna a waya har idona ya gaji. Na auna tagar falo da igiyar awo, na auna tsayin hannun kujerar Inna. Na gaya wa Dakta na bututu nake so domin zai zo daidai ƙirjin Inna, ta miƙa hannu ta taɓa ba sai ta sunkuya ba, kuma ina da batirin sola da zai riƙe injin. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Kunyar jera bokitai a falo nake ji. Na raba tsohuwa da gidanta, ina so in yi mata abin da duk wanda ya shigo zai gani ya ce lallai 'yarta ta yi ƙoƙari.

Na hau keke zuwa kasuwar Wunti da zanen Dakta a jaka, wurin wani dattijo mai haɗa famfo. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau.

“Hajiya, tun ina saurayi nake haɗa bututun da zai fitar da ruwa daga ɗaki. Yau kuma an ce in haɗa wanda zai riƙa yawo da shi a falo?”

Amma ya yi, kuma ya yi da kyau. Farin bututu layi uku a kan ƙafafun katako, kowanne ya ɗan karkata, da babbar roba shuɗiya a ƙasa inda ruwan zai riƙa komawa. Dakta ta kawo takin da ake narkarwa a ruwa, ta nuna mini yadda zan yanka soso ƙanana in tsaga tsakiya in sa iri. Irin Inna muka sa. Ta miƙo ƙullin da kanta, tana taɓe baki.

“Shukar da ba ta da ƙasa, ina za ta sa ƙafarta?”

Duk da haka kullum sai ta ce in kawo mata farantin sosunan ta gani. Ranar da suka tsiro, ta daɗe tana shafa kan tsiron da bayan yatsa. Ran nan ta cinye tuwonta.

Wata Asabar da hantsi muka jera su a bututu, na tura kujerar Inna gabansu, na kunna injin. Ya yi ɗan gurnani, sai ruwa ya hau. Ya bi layin sama, ya gangaro na biyu, ya gangaro na uku, ya zuba cikin roba. Ƙarar ba ta da ƙarfi. Wani ɗan ƙulu-ƙulu ne mai daɗi, irin na ruwa in yana bin siririyar hanya. Na juyo ina murmushi in ga fuskar Inna.

Ba bututun take kallo ba. Ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, hannunta na dama ya damƙe ƙarfen kujera.

“Kashe,” ta ce.

Na kashe. Na tambaye ta ko jikin ne, ta ce a mai da ita ɗaki. Da Dakta ta leƙo ta ce in an bar injin a kashe saiwoyin za su bushe kafin yamma, sai na sake kunnawa. Na ɗauka Inna za ta saba.

Daga ranar ta canza. In tana falo, sai ta riƙa waige-waige, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ce in buɗe labule ta ga bayansa. Kwana na uku ina yanka albasa a kicin na ji ta ɗaga murya.

“Ina yarinyar nan?”

Na fito da wuƙa a hannu. “Wace yarinya, Inna?”

Ta dube ni kamar ban isa a tambaye ni ba. Can ta sauke ido ta ce, “Ba komai.”

Na gaya wa likitanta. Ya ce masu irin ciwonta sukan ruɗe, in dai sa ido. Na sa ido, amma ban haɗa abin da ƙarar ruwan ba. Shukar tana ta yin kyau, ganye ya fara faɗi, ni kuma ina ta ɗaukar hoto ina tura wa 'ya'yana.

Akwai wata dattijuwa da ke zama da Inna in na tafi makaranta. Ran Laraba ta mako na biyu na dawo bayan azahar na gamu da ita a matakala, ta sauka sayo ƙuli-ƙuli, ta ce Inna tana gyangyaɗi. Muka hau tare. Na tura ƙofa na ga kujerar a gefen taga, ba kowa a kai.

Inna tana ƙasa. Ta zamo daga kujerar, ta ja jikinta da hannu ɗaya har wurin robar, ta ture murfin. Hannunta na dama yana cikin ruwan har kafaɗa, tana lalube, tana kewaya gindin robar, tana sake kewayawa. Ɗankwalinta ya faɗi. Ruwa yana ci gaba da zubowa daga bututu a kan wuyan hannunta.

Na fizge wayar injin daga batir. Falon ya yi tsit.

Na durƙusa na rungumo ta. Rigarta ta jiƙe. Ta ce, ba da ni take ba, “Ba ta nan. Na duba, ba ta nan.”

Muka ɗaga ta, muka sauya mata kaya, na sallami dattijuwar. Na zauna a bakin gado na riƙe hannun nan mai sanyi. Ban tambaye ta ba. Ita ta fara, idonta a kan rufi, kuma muryarta ba ta mai ruɗewa ba ce.

“Ba ke ce ta fari ba.”

Na ce, “Na'am, Inna?”

“Akwai wata kafin ke. Shekararta biyu da 'yan watanni.”

Ta ce da rani ne. Mahaifina ya kawo albasa kasuwa cikin Bauchi, ya bar mata ban ruwan lambu. Ta shimfiɗa zane a gindin mangwaro ta zaunar da yarinyar, ta ba ta guntun rogo. Ita kuma ta kama jigo, tana ɗebo ruwa daga rijiyar lambu tana juyewa, yana bin hanyoyin da aka yi masa tsakanin shuka. Da ya kai ƙarshe sai ta bi shi da fartanya tana toshe nan tana buɗe can.

“Ƙarar nan ce,” ta ce. “Ita ce sak. Daɗinta nake ji. Har waƙa nake yi.”

Da ta ɗago, zanen yana nan, rogon yana nan. Ta duba cikin albasa, ta duba bayan mangwaro, ta yi kira har mutanen lambun gaba suka taho. Rijiyar ce wurin ƙarshe da ta duba, don ba ta so ta duba.

“Ruwan bai kai mini ƙugu ba. Ina tsaye kusa, kamar daga nan zuwa ƙofar can. Ban ji faɗuwarta ba. Ban ji komai ba sai ruwa.”

Aka binne ta kafin mahaifina ya dawo daga kasuwa. Kakata ta wajen uba ta tara gidan ta ce ƙaddara ta riga ta faru, kada wanda ya sake tayar da maganar, don Inna ta kusa zaucewa. Aka bi umarninta. Aka bi shi har na girma, na yi aure, na haihu, na binne miji, ban sani ba.

Na ce, “Inna, yaya sunanta?”

Ta juyo da kai ta dube ni. “'Yar fari ce. Tana raye ban faɗa ba, sai yanzu?”

Sai wani abu ya faɗo mini wanda na yi shekaru ina gani ban kula ba. Ƙawayena 'yan fari, iyayensu mata ba sa kiran sunansu, sai dai “ke” ko “wannan”. Ni kuwa Inna tana kiran sunana gatsau, a gida da waje, tun ina ƙarama. Har alfahari na taɓa yi da haka, ina cewa uwata ba ta da irin wannan tsohuwar kunyar. Ashe kunyar tana nan, ba tawa ba ce.

Washegari na ƙwanƙwasa wa Dakta na ce a cire injin. Ta dubi idona, ba ta tambaye ni dalili ba. Na ce Inna ba ta son ƙarar. Ta gyaɗa kai ta ce, “Mama ta fi mu sanin ruwa. Mu yi na bokitin.”

Muka sayo bokitai shida masu murfi, muka shafe su da baƙin fenti don kada rana ta shiga ruwan ya yi gansakuka. Dattijon Wunti ya huda murafan, ya kwance bututunsa, ya mai da ƙafafun katakon benci. Muka ciro shukar ɗaya bayan ɗaya muka mayar. Wasu sun mutu a sauyin. Bokitan ba su da kyan gani ko kaɗan, baƙi da suka shigo sai sun tambaya ko rini na fara. Amma ba sa motsi, ba sa ƙara.

Inna ta yi kwanaki ba ta yarda an kai ta kusa ba. Daga baya ta ce in tura ta. Ta tsinke wani ganye da ya yi rawaya, ta ce na cusa su da yawa, ba sa shan iska. Daga nan lambun ya koma nata. Ita ke cewa a juya bokitin nan ya fuskanci rana, ita ke gane ruwa ya yi ƙasa tun kafin in duba, daga yadda ganyen ya sunkuya. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba. Ni nakan ɗaga murfi in kalli saiwoyin, farare tas, dogaye, suna lilo a cikin baƙin ruwa kamar gashi. In zan ɗaga, sai ta kau da kai wajen taga har sai ta ji na rufe.

Yakuwar ba ta yi ba, ta yi tsawo ta faɗi. Lalo da alayyahu kuwa sun yi har mun rasa yadda za mu yi da su. Ranar da na yi miyar farko, Inna ta tsinko ganyen da hannunta, ta tara a cinya. Ta ɗanɗana, ta daɗe tana juya shi a baki.

“Ba laifi,” ta ce. “Gishirin ƙasa ne babu.”

Sannan ta ce a zuba wa Dakta a kwano mai murfi, kada a kai mata a roba.

Ba ta sake tambayar ina yarinyar ba. Ba ta kuma sake yi mini maganarta ba, ni ma ban tayar ba. Wata bakwai ta yi bayan haka. Ta rasu wata safiya a ƙarshen damina, bayan ta sha kunu, aka yi mata sutura a nan Bauchi.

Bayan an watse daga zaman makoki ne abin ya dawo kaina. Injin yana cikin kwali a saman kabad, wayarsa a naɗe. Amma in na zauna ni kaɗai a falo da hantsi, musamman ran Asabar, sai in ji ruwa yana bin siririyar hanya. In tashi in duba famfon kicin, in duba na banɗaki, duk a rufe. In dawo in zauna, sai in tsinci kaina ina kallon ƙarƙashin tebur. Ban ce na ga wani abu ba, ban gani ba. Na yi addu'o'in da na sani. Abin da na kasa ajiyewa shi ne, ina da yaya, na girme ta da shekara hamsin, kuma ban san da wane suna zan roƙa mata rahama ba.

Da rani ya shigo na shiga mota zuwa Zungur wurin Kawu. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya daɗe yana murza gemu.

“Ashe ta faɗa miki,” ya ce. “To, Allah ya jiƙanta. Ta daɗe tana ɗauke da abin nan ita kaɗai.”

Ya dogara sanda muka gangara fadama. Lambun yana hannun wasu yanzu. Babu jigo, inji ne ke jan ruwa daga rafi yana ta ihu. Kawu ya nuna wani wuri da bakin sanda ya ce nan rijiyar take, mahaifina ya cike ta da hannunsa a makon da abin ya faru. Tumatir ne a wurin. Mangwaron an sare. Na tambayi kabarin, ya ce a bayan tsohon gida ne, amma kabarin yara ba ya daɗewa, damina biyu uku ya baje.

Muna hawowa na ce, “Kawu, sunanta fa?”

Ya tsaya. Ya faɗi wani suna, da ƙarfinsa. Na maimaita a zuciyata, har na ji ƙwalla ta taho. Muka yi taku kaɗan sai ya sake tsayawa.

“A'a, tsaya. Wannan kamar 'yar maƙwabcinmu ce, wadda ƙyanda ta ɗauke a shekarar. Tare suke wasa.” Ya faɗi wani sunan dabam. Ya girgiza kai. “Ko kuwa dai na farkon ne? Wallahi 'yar nan, sun haɗe mini. Mahaifinki ne zai sani.”

Mahaifina ya rasu tun ina aji uku a makarantar horon malamai. Na tambayi Kawu ko akwai sauran wanda ya san zamanin. Ya lissafa mutum biyu, ya tuna duk sun rasu.

Na kwana ɗaya na dawo Yelwa da sunaye biyu. Na yi ta auna su a hanya, ina neman wanda ya fi kama da abin da mahaifina zai raɗa wa 'yarsa ta fari, ban samu ba. Tun daga lokacin, in na idar da salla, nakan ambaci duka biyun. Ɗaya yayata ce, ɗaya kuma yarinyar maƙwabta ce da ita ma ba ta kai shekara uku ba, kuma ban tsammanin akwai sauran mai ambatonta.